Ƙugin Jitar Kawu

Mai karatu, in ka taɓa zama a cikin birnin Kano ka san katanga ba ta riƙe sirri. Gidanmu yana wani lungu ne a bayan Kasuwar Kurmi, ginin ƙasa da azara, irin wanda in ka yi tari a ɗaki maƙwabci zai ce maka sannu. A wannan gida na gaji jitar lantarki daga Kawu, ƙanen Inna mahaifiyata.

Kawu mai gyaran rediyo ne da rana. Da dare kuwa, a shekarun 1970, sai ya sulale ya nufi Sabon Gari ya kaɗa jita tare da makaɗan otal. Danginmu 'yan kasuwa ne da malamai, ba a son a ji an ce ɗan gidan makaɗi ne, don haka maganar ta zama abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Da ya rasu aka zo rabon kayansa, babu wanda ya ko kalli baƙar jakar da ke ƙarƙashin gado. Ni na ɗauka, Inna tana kallona ba ta ce uffan ba.

Jitar ƙirar Japan ce, ba ta da wani suna na kirki, an dai kwaikwayi Stratocaster ɗin da kamfanin Fender ya fitar a 1954. Ranar da na fara jona ta da amfilifaya, tun kafin in taɓa tsirkiya sai ɗakin ya cika da wani ƙugi, zuuuu, kamar an tashi gidan zuma. In na kunna fanka ya ƙaru. In maƙwabcinmu ya tayar da janareta, to ranar sai haƙuri. Na kan riƙe ta ina juyawa a tsakar ɗaki kamar mai laluben tasha a gajeren zango, har in sami kusurwar da ƙugin ya ɗan lafa, sai in daskare a nan. Ga shi kuma da dare kawai nake samun sukunin koyo, lokacin da unguwa ta yi tsit, kowa na iya jin ɗan gidan wane ya ɗauko halin kawunsa.

Bari in ɗan yi bayani, don ni ma sai da na sha wuya na gane. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wasu 'yan abubuwa uku da ake kira fikof, ni dai kunnen jita nake ce musu. Kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubu bakwai zuwa takwas. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ya mayar da ita sauti. Matsalar ita ce kunnen ba ya zaɓe. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa (a Amurka sau 60), kuma duk wata taransifoma ko injin fanka da ke kusa yana feso wannan kaɗawar cikin iska. Naɗin ya kwashe ta tare da kiɗan.

Turawa sun yi fama da wannan tun tuni. Wani injiniya a kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar maganinsa a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, rajistar ba ta fito ba sai 1959. A daidai wannan lokaci Ray Butts ya ƙera irinsa wa kamfanin Gretsch. Dabarar ta burge ni saboda sauƙinta. Maimakon naɗi ɗaya sai a yi biyu gefe da gefe, wuta na bin ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sannan a juya fuskar maganaɗisun na biyu. Ƙugin da ke shigowa daga iska bai damu da maganaɗisu ba, sai ya shiga naɗin biyu a kishiyance su cinye juna. Sautin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, sai ya dawo daidai ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Wannan shi ne hambaka.

Da na fahimci haka ban tsaya shawara da kowa ba. Na tara kuɗi na sa aka kawo mini hambaka guda daga Legas, mai araha. Da ta zo sai na ga ta fi ramin faɗi. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi: na ɗauko kurfi da guduma na sassaƙe jikin jitar Kawu, na yanke farin murfin robar, na cire kunnen da ke kusa da gindin tsirkiya na jefa a gwangwanin madara.

Na jona, na ƙure murya. Shiru, sai ɗan abin da ba a rasa ba, wanda rashin wayar ƙasa a gidan ke jawowa, shi kuma hambaka ba ta maganinsa. Na yi murna ƙwarai. Amma da na kaɗa sai na ji muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, kaifin nan ya tafi. Dalili kuwa, naɗi biyu suna sauraren tsirkiya daga wuri biyu, kuma yawan wayar yana danne siraran sautuka na sama. Da jitar tana magana ne kamar kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsaf-tsaf, kowace tsirkiya da bakinta. Yanzu ta koma kamar mai magana da tuwo a baki. Masu son kiɗan roka wannan kaurin suke nema, ban ce laifi ba ne. Ni dai abin da ya ja ni ga jita shi ne irin kiɗan Buzayen Nijar, musamman Mdou Moctar, bahagon nan mai kaɗa Stratocaster, wanda ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Wannan kiɗa da kaifi yake rayuwa.

Duk da haka na daure, na ce kunne zai saba. Sai wata safiya ina shan koko Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai, ka sayar da kayan Kawunka ne?"

Na ce, "A'a Inna, gyara na yi."

Ta ce, "To wannan dai ba ita ba ce. Da can in na ji zuuu ɗin nan ta katanga na san ya dawo gida lafiya, sai in yi barci."

Shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa jin ta ambaci kiɗansa ba sai ranar. Kokon nan ban iya shanye shi ba.

Hambakar ma ba ta yi mini halacci ba. Ba a tsoma ta cikin kaki ba kamar yadda ake yi wa masu kyau don wayar ta kame, saboda haka in na ƙara murya sai ta ɗau ihu kamar lasifikar gidan biki. Da damina ta wuce, danshi da gumin hannu suka ci wayar naɗi ɗaya. Tunda a jere aka haɗa su, mutuwar ɗaya ta kashe duka biyun.

Na ɗauki jitar da gwangwanin madara na tafi wurin wani dattijo mai naɗin koyil ɗin fanka, abokin Kawu ne tun suna samari. Ya daɗe yana duban ramin da na sassaƙa. Ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?" Na sunkuyar da kai. Ya gwada tsohon kunnen da mita, ya ce da ransa. Ya mayar da shi mazauninsa ya like da dalma. Sannan ya ciro na tsakiya, ya nuna mini cewa irin waɗannan na Japan maganaɗisunsu ɗan sanda ne da aka manna a ƙasa. Ya ɓamɓare shi a hankali ya kifa, ya sauya wayoyin biyu. Ya ce yanzu in na kunna na tsakiya tare da na gefensa, sun zama hambaka ke nan, ba tare da an taɓa muryar kowannensu ba in yana shi kaɗai.

Na ce, "Baba, ai makunnin tsayi uku gare shi, ba ya haɗa biyu."

Ya yi dariya ya zaro tsinken ashana, ya tsayar da makunnin tsakanin matsayi biyu ya cusa tsinken ya tokare. Ya ce haka makaɗa suke yi tun kafin Fender ta fara sa makunni mai tsayi biyar a 1977. Sautin wurin daban ne, ya ɗan yi ramin ciki, amma ba ya ƙugi. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna.

Ramin da na sassaƙa yana nan ƙarƙashin sabon murfi, ni kaɗai da Baba muka san da shi. Da dare in unguwa ta kwanta, da tsinken ashana nake kaɗawa. Da la'asar kuwa, in Inna ta fito tsakar gida tana tsintar shinkafa, sai in zare shi.