Sifikun Udoji

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, an yi wa komai kuɗi har da tabarmi, amma da aka iso kan sifikun nan guda biyu sai mai lissafi ya dube su ya ce a haɗa su da tarkace. Ba mu ga laifinsa ba. Shekara goma sha suna jingine a ɗakin zaure, rufin kuma yana yoyo, damina ta jiƙa musu gindi, hunturu ya zo ya busar, har fatar jikinsu ta ɗaɗɗago kamar ɓawon rake. Muka ce a ba mu su a cikin rabonmu. Ƙannenmu suka yi dariya.

Su ba su san lokacin da sifikun ke da daraja ba, mu ma ƙarshensa muka riska. A 1975, zamanin Janar Gowon, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, kuɗi suka yi yawa a hannun mutanen da ba su saba riƙe su ba. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Mahaifinmu, wanda akawu ne, ya tafi kanti ya dawo da garmaho da amfilifaya da sifiku biyu ƙirar Wharfedale, kamfanin da Gilbert Briggs ya kafa a Ingila a 1932. Ta cikinsu muka fara jin Shata da Ɗanmaraya Jos, muna zaune a ƙasa, don ba a yarda yaro ya matso kusa ba, balle ya taɓa.

Hutun ƙarshen zango muka ɗauke su a a-daidaita-sahu muka kai wa wani tsohon kafinta a unguwarmu. Niyyarmu a ɓamɓare fatar a manna fomeka a huta. Ya juya su, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Malam, in fomeka kake so, ga yara can a bakin titi. Ni ba zan sa wa wannan roba ba."

A wurinsa muka fara sanin abin da muka yi shekaru muna kallo. Ashe abin da muke ɗauka gundarin katako mai tsada, falle ne kawai na itacen tik, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, aka manna a kan allon da aka yi da ɓarɓashin katako da gam. Gaskiya ranmu ya ɗan sosu, muka ce ashe Turawa sun cuci Baba. Tsohon ya ce ba cuta ba ce. Gundarin katako yana motsi da yanayi, ya kumbura da damina, ya tsage da hunturu, ga shi kuma yana amsa sauti da muryarsa. Akwatin sifika kuwa ana so ya yi shiru ya bar waƙa ta fito, kuma kada iska ta sami kafar tserewa, in ba haka ba kaurin sautin ya tafi. Aibin wannan allo guda ɗaya ne: ba ya shiri da ruwa.

Muka roƙe shi ya bari mu yi aikin da hannunmu yana duba mu. Ya yarda, bisa sharaɗin ba za mu yi masa gardamar 'yan boko ba.

Ta dama ce mai sauƙin rauni, da ita muka fara. Inda fallen ya ɗago, sai a ɗura farin gam a ƙarƙashi da tsinke, a shimfiɗa takarda, a bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, sannan a ɗora nauyi ya kwana. Washegari ya miƙo mana samfefa mai lamba 180, ya ce a bi layin itacen, kada a gitta, kuma da zarar tsohon mai ya fita a tsaya. To, mu malaman makaranta mun saba, in mun ga kuskure a takarda sai mun bi shi da jan biro har ƙarshe. A saman akwatin akwai wani baƙin zobe, muka dage a kansa, muna gogawa muna hurewa. Zoben ya fita. Fallen ma ya fita tare da shi, sai ga ɓarɓashin katako yana kallonmu, faɗin tafin hannu.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka gama da wannan, Malam."

Dole aka nemi sabon falle. Tik bai samu ba, sai na itacen da ake kira sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na Jihar Delta, inda aka daɗe ana fitar da katako zuwa Turai. Ja ne mai ratsi-ratsi, ɗan'uwan maɗacinmu. Muka kankare sauran tsohon fallen, muka cike gindin da ya kumbura da garin katako da gam, muka shafa gam a jikin akwati da bayan sabon fallen, aka bari suka sha iska, sannan aka haɗa aka bi da dutsen guga daga tsakiya zuwa baki. Wajen yanke gefe da reza hannunmu har rawa yake yi. Mai kuwa sau uku aka shafa da tsumma, kowace shafa sai ta kwana.

Ta hagu, wadda ta fi lalacewa, ba mu kai mata samfefa ba sai a gefe. Mun manne abin da ya ɗago, mun toshe kafofin, mun goge da tsumma, mun shafa mai. Ita ma tana da nata zoben a sama, muka bar shi, ba don wata hikima ba, tsoro ne kawai.

Da aka gama, ta dama ta fito kamar amarya, ta hagu kuwa tana nan da tabonta, launinsu bai zo ɗaya ba. Muka haɗa waya muka gwada, sauti ya fito da kaurinsa. Muka kai su ɗakin Hajiya don ta gani, muna jiran yabo a kan sabuwar. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan zoben ta hagu tana bin da'irarsa.

"Nan mahaifinku yake ajiye kofin shayinsa," in ji ta. "Kullum sai na yi magana, kullum sai ya ajiye. Ɗayar ma akwai, ranar da ya yi baƙo. Ina ta dama?"

Muka nuna mata. Ta shafa samanta mai santsi, ta ɗan jima, sannan ta ce mu sa mata Shata, amma mu rage ƙara don an kusa kiran la'asar.