Kure, Inda Hoton Raƙumin Dawa Ya Zama Katin Shaida

Matafiyin da ya bar Yamai ya kama babbar hanyar da ke zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, in ya ci kamar kilomita 60 zai iso Kure. Ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma da yawa sun ratsa garin sau ba adadi ba tare da sun tsaya ba, domin ba shi da wani abin da zai ja ido daga cikin mota: gonakin hatsi ne, da rumbuna, da jar ƙasa mai tsakuwa. Amma a wannan karkara ta Zabarmawa ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke zaune. A da ana samun irinsu tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a shekarar 1996 aka ƙidaya 49 kacal, dukansu a nan.

Babu shinge a Kure, babu ƙofar gandu. Da damana dabbobin suna hawa tudu, inda geza da sabara suke tsirowa layi-layi tsakanin fako da fako. In rani ya shigo sai su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo yake fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. A duk inda suka bi, da mutane suke cuɗanya. Akan ga raƙumin dawa mai tsawon mita 5 yana kiwo a kan ƙaya, ga manomi yana noma kusa da shi, ga mace da tulu a ka, ga amalanken jaki ɗauke da itace zai nufi bakin hanya. Zaman ba ya rasa tsada, domin dabbar tana son wake da mangwaro, kuma wanda aka ci wa gona shi ya san zafin abin. Duk da haka mutanen wurin sun haƙura, hukuma ta hana farauta, ƙungiyoyi suka taimaka da rijiyoyi da ƙananan rance, har garken ya haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi 8 aka kai su gandun Gadabeji, cikin jahar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun zamanin farin shekarun 1970.

To, ta yaya aka san yawansu? Da hoto. Kowane raƙumin dawa yana da zanen fatarsa, tamkar yadda kowane ɗan Adam yake da zanen yatsa, kuma zanen ba ya sakewa tun daga haihuwa har mutuwa. Na gefen dama ma dabam yake da na hagu. Saboda haka masu ƙidaya, tare da jami'an gandun daji da masu ja-gora na garin, sukan ɗauki kowace dabba ta gefe biyu, a ajiye hotunan cikin kundi da lambarta. Baɗi in an sake gamuwa da ita sai a gwada. Ta haka ake gane wadda ta haihu, da wanda ya ɓata, da wanda mota ta buge a kan kwalta. A Kure hoto katin shaida ne, kuma kowane ma'aikaci ya san hukuncin wanda ya taɓa rubutun katin shaida.

Sai dai hoton da ya fito daga na'ura ba ya cika kama da abin da ido ya gani. Hasken wannan ƙasa yana da wuyar sha'ani. Daga ƙarfe 10 na safe rana takan wanke launi, sama ta yi fari fat, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Lokacin ɗari kuwa hazo yakan lulluɓe komi, ƙura ta shiga cikin na'urar ta bar ɗigo-ɗigo a kan kowane hoto. Nan ne manhajojin gyaran hoto suke da amfani. Photoshop na kamfanin Adobe ya shigo kasuwa a 1990, Lightroom ya biyo baya a 2007. Mai ɗaukar hoton da ya san aikinsa yakan sa na'urarsa ta ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, wato duk hasken da ta kama ba tare da an rage komi ba. A kan kwamfuta sai ya sassauta hasken da ya yi yawa, ya buɗe inuwa don a ga ido da gashin wuya, ya daidaita fari ya zama fari, ya rage hazo, ya share ɗigon ƙura, ya datse gefen da ba a bukata. Wannan duka halas ne, kamar ɗan kasuwar da ya kakkaɓe hajarsa kafin ya baza ta.

Algus yana farawa daga inda aka ce a ƙara kyau. Raƙumin dawa na Nijar an san shi da hasken fata: roɗinsa ja ne mai haske, ƙafafunsa daga gwiwa zuwa ƙasa kusan farare. Wanda ya saba ganin hotunan Kenya sai ya ɗauka launin ne ya koɗe, ya danna masa ja har ya koma kamar na arewacin Kenya mai duhun zane. Garin neman gira an rasa ido ke nan, domin abin da ya bambanta shi da sauran shi aka goge. Wani kuma reshe ne ya gitta kan wuyan dabbar, sai ya kwafo fata daga wani wuri ya liƙa a kai. Tun 2023 ma Photoshop yana cike gurbin da kansa, ya ƙirƙiro roɗin da Allah bai halitta ba. Hoton ya yi kyau, amma dabbar da ke cikinsa babu ita a kundin kowa.

Akwai gogewar da ta fi wannan illa, ita ce goge mutane. Mai sayen hoto a Turai daji yake so wanda ba kowa cikinsa, don haka sai a cire rumbu, a cire manomi, a cire kututturen itacen da aka sare aka kai Yamai. Abin da ya rage ƙarya ne game da Kure. Wanda ya ga irin wannan hoto ba zai tambayi wa aka ci wa wake ba, balle ya yi tunanin wa ya kamata a saka wa. Ba zai kuma san cewa dajin yana ƙarewa ba.

Duniya ta ga irin wannan. A ƙasar Sin, wani hoto na 2006 ya nuna barewar Tibet suna gudu hankali kwance kusa da jirgin ƙasa a kan sabon layin dogo, aka ba shi lambar yabo, aka riƙa kafa hujja da shi cewa dogon bai dami dabbobi ba. A 2008 aka gano hotuna biyu ne aka haɗa, mai hoton ya amsa laifi, shugaban jaridarsa ya ajiye aiki. Shi ya sa babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa take neman ɗanyen hoto kafin ta ba da kyauta: ta yarda a gyara haske da launi daidai gwargwado, ta hana a ƙara ko a cire wani abu.

Ranar 9 ga watan Agusta na 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar masu ja-gora na wurin. Bayan wannan ta'asa baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin da ja-gora da ƙauyuka suke samu ya yanke. Da ma an ce gani ya kori ji, amma wanda bai iya zuwa ya gani ba, hoto ne idonsa. Da shi mai ba da tallafi yake yanke shawara, da shi ɗan lakkol na Tawa ko Damagaram yake sanin dukiyar ƙasarsa. Saboda haka duk wanda Allah ya ba damar ɗaukar raƙumin dawa, ko ma'aikacin gandun daji ne ko ɗan kasuwar da ya tsaya da wayarsa a bakin hanya, amana ce a hannunsa. Ya ajiye hoton asali kada ya share, ya rubuta rana da wuri, ya gyara haske iyakar abin da idonsa ya gani, sa'an nan ya bar dabbar da launinta, ya bar manomin a gonarsa.