Albashi Daban, Albarka Daban

A wannan mako muna so mu tattauna a kan wata tambaya da ta daɗe tana cin mutane a rai, ko da yake ba kowa ne ke furta ta ba. Tambayar kuwa ita ce: mutum ya tashi kullum da sassafe, ya nufi ofis ko rumfar kasuwa, ya yi abin da ya yi jiya, gobe ma shi zai yi, har furfura ta cim masa, to ina daɗin wannan abu yake? Ba za mu amsa daga littafi kaɗai ba. Za mu faɗi abin da ya same mu, domin an ce gani ya kori ji.

Mun shiga aikin Gwamnati a 1974, muna ƙaramin akawu a wani ofishi da ke kula da takardun masu barin aiki. Ba mu daɗe ba sai ga Udoji. Waɗanda suka ga zamanin sun san cewa a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, har da ariyas na watanni, aka danƙa wa mutum a lokaci guda. Wanda bai taɓa riƙe kuɗi mai kauri ba ya riƙe. Aka yi ta sayen rediyo da keke da babur, wasu suka ƙara aure. Mu ma muka ce lalle yanzu aiki zai yi daɗi. Kafin shekara ta kewayo kayan masarufi sun tashi, kuɗin ya bi ruwa, muka koma kan teburinmu da irin gajiyar zucin da muke da ita tun farko. Fayil ɗin jiya shi ne na yau, agogon bango kuwa kamar an ɗaure masa ƙafa.

A cikin wannan hali ne wani dattijo ya riƙa zuwa ofishinmu. Tsohon leburan hanya ne, ya bar aiki, yana bin kuɗin sallamarsa. Daga ƙauye yake zuwa, tafiyar yini guda a mota. Zuwansa na fari muka ce ba a ga fayil ba, ya dawo wani mako. Zuwa na biyu muka ce mai sa hannu ba ya nan. Duk lokacin da aka faɗa masa haka sai ya rusuna ya ce, "To ranka ya daɗe, Allah Ya kai mu," alhali kuwa ya yi jika da mu. A zuwa na uku, da muka fito sallar Azahar, sai muka tarar da shi a gindin bishiya yana jiƙa garin rogo a 'yar kwarya. Muka ce, "Baba, har yanzu kana nan?" Ya ce, "Ina nan, ɗana. Akuyar da ta rage mini na sayar na yi kuɗin mota, in na koma yau ban san da abin da zan sake zuwa ba." Bai yi ƙorafi ba, bai ɗaga murya ba.

Muka yi salla, amma Allah Ya sani zuciyarmu ba ta cikinta. Da muka koma ofis muka shiga bincike, ba a yi minti goma sha biyar ba sai ga fayil ɗin, a ƙarƙashin tarin takardun da ke kan teburinmu. Ba wanda ya ɓoye shi, ba wanda ya nemi cin hanci a kansa. Kasala ce kawai irin ta wanda ya raina aikinsa.

Da muka je gida hutu muka ba mahaifinmu labari. Shi kuwa, Allah Ya jiƙansa, ma'auni ne, hatsi ya sayar a kasuwar garinmu har ƙarfinsa ya ƙare. Muna yara mukan ga kullum kafin ya fara ciniki sai ya kifa mudunsa ya shafa gindin, ya tabbata bai lotsa ciki ba, domin da lotsa gindin mudu ne wasu ke rage wa mai saye 'yan ƙwayoyi. Da ya gama saurare sai ya ce, "Malam akawu, ashe kai ma kana da mudu? Sa'o'in nan da ake biyanka su ne mudunka, ka kuwa tauye wa bawan Allah." Ya tuna mana da Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, wadda ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cika awo in za su karɓa, su rage in za su bayar. Ya ce mu duba ko mun taɓa yarda a rage mana ko kwabo a ƙarshen wata.

Muka tambaye shi, shin shi bai taɓa gajiya da awo ba, shekara da shekaru abu ɗaya? Ya yi murmushi ya ce idan yana awo ba gero yake gani ba, tukunyar da za a ɗora yake gani, da yaran da ke zaune suna jiran tuwo. Wannan magana ita ce ta buɗe mana ido. Mu takarda muke gani, shi kuwa mutum yake gani. Tun daga ranar, duk fayil ɗin da muka ɗauka sai mu karanta sunan da ke bayansa, mu tuna cewa akwai mai wannan suna, yana da iyali, wataƙila ma yana da bashi a wuyansa. Albashinmu bai ƙaru ba, kujerarmu ba ta sake ba, amma sai muka ga yini ya daina yi mana tsawo. Haka muka ci gaba har muka cika shekara 35 muka yi ritaya a 2009, kuma a cikin abin da muka tara babu wanda muke jin daɗin tunawa kamar fuskokin mutanen da aka sallama a kan lokaci.

Daga baya, da muka koma gaban malamai, sai muka tarar magabata sun riga mu fahimtar wannan. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a a shekara ta 11 bayan Hijira, watau 632, an gan shi ya saɓo tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, don ya ciyar da iyalinsa. Sahabbai suka ga in Halifa ya shagala da ciniki al'amuran jama'a za su tsaya, sai aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Ma'aikaci ya lura da wannan da kyau: an biya shi ne don a sayi lokacinsa a ba jama'a. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Haka nan ɗan kasuwa yana da abin koyi ga Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira. Duk da girman iliminsa, mai sayar da tufafi ne a birnin Kufa. An ruwaito cewa abokin cinikinsa ya taɓa sayar da wani tufafi mai aibi, ya manta bai nuna wa mai saye ba, da Imamu ya ji sai ya yi sadaka da kuɗin cinikin gaba ɗaya. Almajirinsa kuma, Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, an ce da aka nemi ya wallafa littafi a kan gudun duniya, sai ya nuna cewa ai littafin da ya rubuta a kan hukuncin saye da sayarwa ya wadatar. Manufarsa ita ce, wanda ya tsare cinikinsa daga haram ya riga ya kama hanyar tsoron Allah, ba sai ya rufe rumfa ya shiga halwa ba. A nan ƙasarmu ma sananne ne a bakin malamai cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tuƙa igiya da hannunsa don ya ci daga guminsa.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa talaka ya yi shiru a ci haƙƙinsa. Sam. Addinin da ya hana ma'aikaci kasala shi ne ya umurci wanda ya sa aiki ya biya lada tun gumi bai bushe ba. Mun san yadda rayuwa ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, mun kuma san cewa mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace halal ne. Abin da muke tsoratarwa shi ne mutum ya rama abin da aka yi masa a kan wanda bai ci masa kome ba: Gwamnati ta jinkirta masa albashi, shi kuma ya jinkirta wa marainiya takardarta, dillali ya cuce shi, shi kuma ya lotsa mudu ga matar da ta zo awon tiya guda. Mai yin haka ya yi hasara biyu, domin kuɗin bai ƙaru ba, natsuwar zuci kuma ta tafi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, gobe in Allah Ya kai mu, kafin ka buɗe rumfa ko ka ja kujera, ka gyara niyyarka, sa'an nan ka tambayi kanka: wane ne ke jiran wannan aiki nawa? Mai ɗinki akwai yaron da zai sa rigar ranar Salla. Direba akwai mai jiran isowar ɗansa. Masinja akwai wanda rayuwarsa ke cikin ambulan ɗin da ya riƙo. Dattijon nan namu an biya shi haƙƙinsa, ya zo ya yi mana addu'a, bai taɓa sanin a kan teburin wa fayil ɗinsa ya kwana ba. Amma akuyarsa ba ta dawo ba, kuma har yau muna neman gafarar Allah a kanta.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya sa mu cika mudunmu tun kafin ranar awo. Amin. Wassalamu alaikum.