Mai Ba Ɗalibi Shawara: Tsakanin Kansas da Kudancin Katsina

A nan Amurka ɗalibi kan shiga jami'a bai tsayar da fannin da zai karanta ba, kuma jami'o'i da dama sukan ɗaga masa ƙafa har ƙarshen shekara ta biyu. Wannan sarari ne ya ba mai ba da shawara muhimmanci, wato malami ko ma'aikacin da aka keɓe domin ya riƙa zama da ɗalibi kowane zango, su duba darussan da ya ci da waɗanda suka gagare shi, su kuma auna inda basirarsa ta fi ƙarfi. Masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu, NACADA, a 1979, kuma mazauninta yana Jami'ar Jihar Kansas, wadda ta taimaka wa Jami'ar Ahmadu Bello wajen gina tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi a shekarun 1960.

Ɗan manomi daga Funtuwa, Bakori, Kafur ko Malumfashi kuwa, tun wajen cike fom ɗin JAMB ake neman ya zaɓi fanni, alhali wataƙila shi ne na farko a gidansu da zai taka jami'a. Idan ya sami gurbi a Zariya, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, wanda zai tarar shi ne wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, malamin da sashe ya ɗora wa kula da 'yan aji guda, kuma galibin aikinsa duba rajistar darussa ne da lissafin waɗanda ɗalibi ya faɗi zai maimaita. Da yawansu suna yi da zuciya ɗaya duk da ɗimbin ɗalibai da nauyin koyarwa, sai dai babban zaɓin an riga an yi shi kafin su ga yaron.

Mutanen yankin sun san amfanin malamin gona tun zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa na 1975, sun kuma san shawararsa kan iri tana da rana ne kafin shuka. Saboda haka ya kamata jami'o'in nan uku, tare da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, su riƙa tura malamai zuwa makarantun sakandaren kudancin Katsina su zauna da 'yan ajin ƙarshe kafin a buɗe rajistar JAMB.