Rana Daban, Haske Daban

Ranar da za a kai Yaya ɗakin mijinta a Tibiri, an gama loda kaya a mota, mata na ta guɗa, sai ta jawo ni bayan ɗaki ta nuna mini tukunyar shukarta. Ganyen kamar zuciya, tsakiya ja, gefe kore, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa masa nono. Ta ce, "Can gidan awaki sun yi yawa. Ki riƙe mini ita. Abu guda dai, kar ki bari rana ta taɓa ta." Na ce to, ina share hawaye.

A littafi sunanta kaladiyom. A gidanmu na Sabon Gari kuwa Inna ce ta raɗa mata suna, gwazar ado, wai tunda ba a ci, sai kallo. Daga baya na gane Inna ba ta yi kuskure ba, dangi ɗaya suke da gwaza, kuma ita ma saiwa gare ta mai ƙullutu a cikin ƙasa. Amma ba a kai ta baki. Ganyen da saiwar duk suna sa ƙaiƙayi da kumburin baki da maƙogwaro, don haka a gidan da ke da yara masu rarrafe sai a ɗaga ta sama.

Ni da nake karatun ilimin harshe, nake cika wa ƙannena baki da zancen ma'anar kalmomi, kalma ɗaya ce ta kayar da ni. Yaya ta ce rana. Na ɗauki tukunya na kai ta ƙuryar ɗakina, bayan akwati, inda ko da azahar sai ka ƙyafta ido kafin ka ga takalminka. A zuciyata na cika alkawari, har da ƙari.

Kafin sati 3 shuka ta fara ba ni amsa. Ƙafafun ganyen suka yi tsawo, suka sirance, duk suka karkata wajen ƙofa kamar masu leƙen wanda zai shigo. Sabon ganye ya fito ɗan mitsitsi, jan ya koɗe, ya koma kore mai rauni. Na tsorata. Na ce ashe rana take so, Yaya ce ba ta sani ba. Na fito da ita tsakar gida na dire kusa da turmi, a ƙarshen watan Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa rana ta dawo da ƙarfinta. Kwana biyu kawai ta yi a wurin. Gefen ganye ya bushe kamar takardar da aka kusantar da wuta, tsakiyar ta huhhuje.

Inna ta tsaya a kanta ta riƙe haɓa. "Ke, mi kinka yi ma wagga aba? Jiya kurkuku, yau gashi?"

Da daddare Yaya ta kira waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Ya mutuniyata?" Na ce tana nan lafiya lau. Wannan ƙaryar ita na tafi da ita makaranta, kuma duk kiran da ta yi sai na sake maimaita ta. Abu kamar wasa, na fara gudun ɗaukar wayar yayata saboda tukunyar ƙasa.

A can ne na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Asalin shukar Kudancin Amurka ne, musamman dazuzzukan Burazil, inda take tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Haske na isa gare ta da yawa, amma a tace, ta tsakanin ganyaye. Ganyenta siriri ne, shi ya sa ranar tsaka ke ƙona shi, ga shi kuma launin ba ya fitowa sai da wadataccen haske. A waje, tana son ranar safe ta awa 2 ko 3, sannan inuwa har yamma. A cikin ɗaki, sai kusa da taga, wadda ta dubi gabas ta fi, ko a saki labule mai shara-shara, a riƙa juya tukunyar don kar ta karkace gefe guda. Akwai irin da ganyensu ya fi kauri da tsukewa, sun fi jure rana, amma wanda ya san watan Afrilu a Maraɗi, da zafi ke wuce digiri 40, ba zai yi wannan caca ba.

Na yi dariyar kaina. A Hausa rana ita ce wadda ke fitowa gabas, ita ce yini, ita ce ƙuna, har fari ma manomi cewa yake an yi rana. Yaya ƙunar take nufi, ni na hana shukar har da haske. Mun yi wata guda a aji kan kalma mai ma'ana fiye da ɗaya, na kuma ci jarrabawar.

Da na dawo hutun ƙarshen shekara, hunturu ya kankama. Na tarar da tukunyar a gindin dogon yaro, ta gabashin gida, ba ganye ko ɗaya, ƙasa ce kawai a bushe. Gabana ya faɗi. Na ɗauka zan zubar in sayo wata a wurin masu sayar da furanni, in rufa wa kaina asiri.

Inna ta ce, "Aje ta! Ba ta mace ba, kwana take."

Inna a Jiratawa ta tashi, cikin masu garka, ta san halin abin da ke da saiwa. Ta tona gefe da yatsa ta nuna mini ƙullutun, da tauri kamar dankali. Ta ce in ya yi laushi ko ya yi wari, to shi ke nan, amma wannan da ransa. Ta daina ba ta ruwa tun da ganye ya zube, don ruwa a lokacin sanyi shi ke ruɓar da ita. Abin da littafi ya ce ke nan, shukar ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma daren Janairu a nan yakan kai haka. Ganye ya tafi, saiwa ta jira ɗumi da danshi.

Ran nan na hau mota zuwa Tibiri, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba amma na yi wata 3 ina ja da baya. Na faɗa wa Yaya komai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai Inna ta gaya mini tun satin farko. Jira nake in ga yaushe za ki gaji." Kunya ta rufe ni, ita kuwa dariya har da riƙe ciki.

A watan Yuni, bayan ruwan farko, Inna ta kira ni. Wani tsinke ya huda ƙasa, a naɗe kamar tabarma. Yanzu ganye 5 gare ta, jan ya dawo. Tana nan gindin dogon yaro, hantsi na dubi inuwa ta rufe ta. Yaya ta ce in an gyara wa awaki garke za ta zo ta raba saiwar biyu, ta bar mini rabi.