Ƙasar da Babu Gidan Yin Yaji

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta waɗanda wasiƙunku ba sa yankewa. Da yawanku kun sha tambayata dalilin da ya sa aka ji ni ɗif a shekarar 2019, kashi na biyu na littafin da na yi muku alkawari ya ƙi fitowa, har wasu suka dinga yaɗa cewa wai aurena ne ya mutu. To aure dai bai mutu ba, amma gaskiya ya kwanta jinya, kuma yau da izinin maigidan zan ba ku labarin inda muka kai shi magani.

An yi mini aure ina gama sakandare. Maigidana likita ne, Dakta nake ce masa, kuma a ƙasar Rasha ya yi karatunsa, a wani birni da ake kira Kazan. Muka shekara huɗu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wadda duk ta taɓa shiga wannan hali ta san sauran bayani. A gidan suna a yi mini habaici, a gidan biki a kalli cikina kafin a kalli fuskata, har wata ƙanwar babansa ta taɓa kirana juya a gaban mutane. Na sha saiwa, na sha rubutu, na yi hayaƙi har idona ya yi ja. Hajiyarsa kuwa ta fara zancen ƙarin aure a fili. Shi kuma Dakta kullum yana asibiti, yau kwanan aiki, gobe tiyata, in ya dawo ya ci tuwo ya kwanta ya juya mini baya. Ni kuma in ɗauki biro in zauna ina rubuta wa taurarin littafina kalaman soyayyar da rabona da jin irinsu tun ina amarya.

Wani dare a ƙarshen 2018 sai ya shigo ya zauna a bakin gado, ya ce ya nemi hutun wata shida ba albashi kuma an ba shi, ya sayar da motarsa, abokinsa na Kazan ya aiko mana da takardar gayyata ta wata uku. Ya ce, “Ke ma ki ajiye biron nan. Jirgin ƙasa za mu hau mu ratsa Rasha daga wannan bakin zuwa wancan.” Kai, ranar da dangi suka ji an yi surutu! Wasu suka ce Dakta ya taɓu, wasu suka ce na shanye shi, don wa ya taɓa ajiye aikin gwamnati ya tafi yawon buɗe ido? Innata kaɗai ta ce, “Bi mijinki 'yar nan, tafiya mabuɗin ilimi.” Ni a raina na ɗauka asibiti zai kai ni a duba ni, kunya ce ta hana shi faɗa.

Muka sauka Mosko a watan Janairu na 2019. 'Yan uwa, gani ya kori ji. Sanyin hunturun da muke kuka da shi, muna jin ɗumi a bakin murhu, wallahi wasan yara ne. Ina fita daga filin jirgi na ja numfashi, sai na ji cikin hancina ya ƙame kamar an zuba danƙo. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara, kafin biyar na yamma ta faɗi, kina idar da azahar la'asar na bisa kanki, kina shafa addu'a magariba ta yi. Da na shimfiɗa darduma zan fuskanci gabas kamar yadda na saba, sai Dakta ya yi murmushi ya juya ni kudu, ya ce ai a nan Makka tana kudu da mu.

Layin dogon da muka bi shi ne wanda ya tashi daga Mosko ya ratsa Saiberiya har Biladibostok a bakin teku, kilomita 9,289, wato kamar ki je Legas daga Kano sau tara. An fara gina shi a 1891 aka kammala a 1916. Wanda bai sauka ko'ina ba yakan yi kusan mako guda a cikin jirgi, kuma tsakanin farkon layin da ƙarshensa akwai bambancin awa bakwai. Mu kuwa ba sauri muke ba, muna tafiya muna yada zango, inda muka yi kwana uku, inda muka yi mako biyu.

Zangonmu na farko Kazan, garin Tatar, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Nan na yi sallah a babban masallacin Kul Sharif mai shuɗin rufi wanda aka buɗe a 2005, matar abokin Dakta ta cika ni da wani abin zaƙi da ake soyawa da fulawa a zuba zuma, kamar alkakinmu. Ita ce ta koya mini sa kaya hawa uku, ta ba ni takalmin ulu mai kai wa gwiwa, ni kuma na ba ta man kaɗanya da yajin da na ƙullo. A garin nan na ga wani Dakta da ban sani ba, yana ƙyalƙyala dariya, yana zuba Rashanci kamar ruwa, yana nuna mini titin da ya taɓa zamewa ya faɗi a kan ƙanƙara yana ɗalibi. Na ce a raina, ashe mutumin nan ya iya dariya?

Daga nan muka tsallaka tsaunukan Ural, inda Turai ta ƙare Asiya ta fara, muka tsaya a Yakaterinbag da Nobosibis. Jirgin yana da taragon talakawa mai gado 54 ba ƙofa, akwai kuma mai ƙananan ɗakuna, kowanne da gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa. A ƙarshen kowane tarago akwai tukunyar ruwan zafi da ba ta hucewa dare da rana, da ma'aikaciyar da ke raba zanen gado tana kawo shayi a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe. Da ruwan nan nake sirkawa in yi alwala, muna sallarmu ta ƙasaru. Abincinmu dafaffen dankali da ƙwai da baƙin burodi da kifi, don gudun naman da ba mu san yankansa ba. In kin leƙa taga ba abin da za ki gani sai fararen bishiyoyi da dusar ƙanƙara, ki yi barci ki farka su ne dai. Ciki ɗumi kamar ɗakin mai jego, waje kuwa ya fi cikin firiza sanyi. Babu asibiti, babu maƙwabta, babu mai sallama. Daga ni sai shi, gwiwa na gugar gwiwa, kuma sai na gane cewa shekara huɗu muna gado ɗaya amma ba mu iya hira ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A daren da muka taso daga Kirasnoyas za mu Irkus, aka yi sa'a ɗakin mu biyu ne kawai. Na gaji da jira na ce, “Dakta, wai yaushe za ka kai ni asibitin ne?” Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can sai ya ce, “Ke lafiyarki ƙalau. Matsalar daga gare ni take. Shekara biyu ke nan da na yi gwaji na sani.”

Na ji kamar jirgin ya kife da ni. Rashin haihuwa ai daga Allah ne, ba shi ya ƙona mini rai ba. Shekara biyun nan ce. Yana kallo ina shan saiwa mai ɗaci, yana ji ana kirana juya, yana zaune Hajiya na lissafa masa 'yan mata, bai taɓa buɗe baki ba. Ya ce kunya ce da tsoro, tsoron kada in guje shi, shi ya sa ya ɓuya a cikin aiki, kuma ya san muddin muna gida ba zai iya faɗa ba. Ban ce masa uffan ba. Na haye gadon sama na juya masa baya, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Da a gida ne, wallahi ko mayafi ba zan tsaya nema ba sai gidanmu. To amma ina gidan namu? Mun yi nisan sama da kilomita 5,000 daga Mosko ma, balle Kano. Kwana biyu ban yi masa magana ba, har muka isa wani ƙauye mai suna Lisbiyanka a bakin tafkin Baikal, kimanin kilomita 70 daga Irkus. A rana ta uku zuciya ta ɗebe ni, na zari mayafi na fice daga masaukinmu, wai ni nan na yi yaji. Ba kuɗi, ba yare, ba takalmin kirki, ga sanyi ya doshi digiri 30 ƙasa da sifili. Ban yi tafiyar minti biyar ba hawayena suka daskare a gashin idona, yatsun ƙafata suka daina ji. Da na waiwaya sai ga babban likita guda yana biye da ni, rungume da rigar sanyina da takalmana, ya kasa matsowa ya kasa komawa. Ya durƙusa a kan ƙanƙara ya sa mini takalmin da hannunsa, ya ce, “Ki yi fushinki, kina da gaskiya, amma don Allah ki yi shi a cikin riga.” Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga kuka ga dariya.

Muka taka a kan tafkin nan, wanda ya fi kowane tafki zurfi a duniya, mita 1,642, amma sanyi ya mayar da samansa dutse har motoci na bi ta kai. Ƙanƙarar garau take kamar gilashi, kina hango duwatsun ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarki, gabanki na faɗuwa. A nan na tsaya na ce masa, “Na yafe maka tsakanina da kai. Amma sunan da aka ɓata mini a gaban mutane, kai za ka wanke shi.” A daren, bayan mun yi isha'i muna fuskantar yamma, don a can alƙibla ta koma yamma, ya kira Hajiya a waya, lokacin a gida rana tsaka ce. Ina zaune ina ji ya ce, “Hajiya, ki daina ganin laifin yarinyar nan, ni ne.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a ba ni wayar. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, “Ki yi haƙuri 'yata.” Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa kirana da wannan suna ba.

Kwana ukun da muka yi a jirgi daga Irkus zuwa Biladibostok su ne amarcina na gaskiya. Muka amayar da duk abin da ke cikinmu. Na gaya masa nawa laifin, yadda na mayar da littafi kishiyarsa, nake gaya wa takarda damuwata maimakon in gaya wa mijina. Ya karɓi rubutun da na ɓoyo a ƙasan akwati ya karanta tas, karo na farko a rayuwarsa, har yana yi mini gardama wai tauraron ya cika zurfin ciki.

Mun dawo gida a watan Afrilu, kafin azumi. Kada in ɓoye muku, tafiyar ta ci mu. Mun fi shekara muna hawan A Daidaita Sahu, abokan aikinsa suka wuce shi a ƙarin girma, ni ma wasu masu karatuna suka koma wa wasu marubutan. Haihuwa kuma har yau Allah bai kawo ba, muna neman magani tare, muna addu'a tare, kuma babu mai kirana juya. Ban taɓa yin da-na-sanin ko kwabo ɗaya da muka kashe ba.

Ƙannena, ba cewa nake ku sa mazajenku su sayar da mota ba, ballantana ma tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 tafiya can ba ta da sauƙi kamar da. Abin da nake so ku riƙe shi ne, aure yana son lokacin da za ku zauna daga ke sai shi, ko da kwana uku ne a ƙauyen kakarki, a kashe waya a yi magana. In haihuwa ta yi jinkiri, ku je asibiti ku biyu, don matsalar takan zo daga namiji kamar yadda takan zo daga mace, kuma ba abin kunya ba ne ga kowa. In kuma rai ya ɓaci, kafin ki zari mayafi ki tsaya ki ji ƙarshen zancen tukuna. Ni sai da Allah ya kai ni inda babu gidan yin yaji sannan na koyi wannan.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, waɗanda ba su yi ba Allah ya ba su nagari masu faɗa musu gaskiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.