Allon da na cire daga shagona

Shekara 17 ke nan ina sayar da kayan wuta a unguwar Briqueterie, a Yawunde. Duk tsawon lokacin nan akwai wani allo rataye a bayan teburina da Faransanci, wai kayan da aka saya ba a maidowa, ba a musanyawa. Yadda na ga maƙwabta sun yi, haka na yi.

Ana saura mako guda ƙaramar Salla, wata baiwar Allah mai ɗinki ta sayi wayar jona wuta mai soket huɗu a wurina. Kwana uku wayar ta narke da tsakar dare, ta cinye injin kekenta da atamfofin mutane turmi shida. Allah ya sa ƴarta ta farka. Da safe ta zo da ƙonanniyar wayar a leda, ta ce, "Alhaji, dubi abin da ka sayar mini." Wallahi, ba abin da na yi sai nuna mata allon. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Da dare ɗana mai karatun lauya a jami'ar Soa ya ce, "Baba, allon nan ba ya kare ka." Ya ce dokar kare masu saye ta Kamaru, ta 6 ga Mayu 2011, ta ba mai saye haƙƙin a biya shi cikakkiyar diyyar ɓarna, kuma sharaɗin da mai sayarwa ya gindaya don tsere wa alhaki banza ne. Na ce masa ai ba ni na ƙera ba. Ya ce ita ni ta sani. Limaminmu ma bai sassauta mini ba: kayan da ke da ɓoyayyen aibi, a fiƙihu mai saye na da damar maido su.

Na biya ta, kashi uku, da ƙyar.

Daga nan na kwashi sauran na nufi Duwala wurin dilan da ya ba ni su. Ya ce, "Ina rasit?" Babu. Shekara da shekaru amana muke yi da baki. Kwalin kuma ba sunan kamfani, ba adireshi. Da na yanka ɗaya a gabansa, jan ƙarfen da ke ciki bai kai kaurin zaren ɗinki ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Allon na cire shi. Sauran wayoyi 38 suna ƙarƙashin gadona, uwargida kullum sai ta tambaye ni yaushe zan fitar mata da su daga ɗaki.